Daren Kiɗa Ɗaya Da Daren Haɗin Gambiza A Birnin Bauci

A wannan mako filin namu zai leƙa wani wuri da ba kasafai dattawa ke son a ji bakinsu a kansa ba, watau filin rawa. Dalili kuwa shi ne wata gardama da ke yawo a bakin matasan birnin Bauci, tun daga majalisun Wunti har zuwa ɗakunan ɗalibai a Yelwa. A ido tana kama da hirar kashe lokaci, amma a ƙarƙashinta akwai abincin waɗansu bayin Allah, akwai kuma gadon da muke gab da yin asararsa.

Gardamar ita ce, idan an shirya daren wasa, ko a gidan rawa ne, ko a zauren biki, ko a filin makaranta, shin a tsaya kan kiɗa iri ɗaya tun daga farko har a tashi, ko kuwa a gauraya, a taɓa wannan a taɓa wancan? Masu son kiɗa ɗaya suna cewa rawa kamar tafiya ce, sai an yi nisa jiki ke sakewa, kuma wanda ake canja wa kiɗa kowane minti biyu tsalle-tsalle kawai yake yi. Masu son gauraye kuwa suna cewa mutum ɗari uku ba su da kunne ɗaya, wanda duk ya biya kuɗin ƙofa yana da hakkin ya ji abin da ya saba da shi ko da sau ɗaya kafin ya koma gida. Shi dai mai gidan rawa ba ya sa baki. Kujeru yake ƙirgawa, ya kuma san gauraye ya fi cika masa wuri.

Kada wani ya zaci 'yan Bauci ne suka ƙago wannan musu. Ya fi shekara hamsin ana yinsa a ƙasashen Turawa. A shekarar 1970 wani mutum mai suna David Mancuso ya fara tara jama'a a gidansa a birnin New York na Amurka, yana sa musu faya-fayai iri-iri, na Baƙaƙen Amurka da na Latin da na Afirka. A wurinsa ne waƙar Soul Makossa ta Manu Dibango, mutumin Kamaru, wadda aka buga a 1972, ta samu ƙofar shiga Amurka. Abin da aka fi tuna shi da shi kuwa shi ne ƙin yanke faifai a tsakiya: yakan bar shi ya yi ta juyawa har ya kai ƙarshe. A 1977 aka buɗe wani gidan rawa a birnin Shikago mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles ke juya faifai, daga sunan gidan nan ne kuma kiɗan da ake kira haus ya samo sunansa. Birnin Ditroit ya biyo baya da nasa, watau tekno. Daga nan sai gidajen rawa suka shiga rarrabuwa, kowanne ya riƙe nasa. A birnin Balin na Jamus akwai gidan Berghain, wanda aka buɗe a 2004, inda ake soma tekno daren Asabar ba a tashi sai safiyar Litinin. A tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen kuwa, wani mai suna Alfredo ya yi suna a tsakiyar shekarun 1980 saboda haɗa abin da kowa ke ganin ba ya haɗuwa. Ko a nan gida, wanda ya je gidan wasan Fela a Ikko ya san kiɗa ɗaya zai ji har gari ya waye, waƙa guda kuma tana iya cin rabin sa'a.

To, mu ma a ƙasar Hausa duka biyun mun gada, tun ba a san faifai ba. Kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, maharba suna da garaya, sarakuna suna da kotso da taushi da jauje, mata a cikin gida suna da ƙwarya. Idan aka ce yau daren goge ne, to goge za a ji daga bayan lisha har asuba, kuma duk wanda ya zo ya san abin da ya kawo shi. Masu goge da kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka a irin waɗannan darare suka gina sunansu. Amma kuma akwai ajo, akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, akwai wasannin Salla da na naɗin sarauta, inda makaɗa iri-iri ke haɗuwa a fili ɗaya. Abin lura a nan shi ne tsarin da ake bi. Sanƙira zai fito ya yi shela, ya ambaci makaɗin da zai shiga, makaɗin ya shiga da jama'arsa ya yi abinsa har ya gamsu, a yi masa kari, sa'an nan ya ja gefe wani ya shigo. Ba a taɓa jin an tsayar da mai kalangu yana tsakiyar taken wani ba don mai gurmi ya sa baki.

Birnin Bauci kuwa tun asalinsa mahaɗa ce. Malam Yakubu, ɗalibin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi a 1809 a tsakiyar ƙasar da ke cike da harsuna: Gerawa, Jarawa, Sayawa, Warjawa, Fulani, Hausawa, Barebari da sauransu. Kowace al'umma da rawarta. Sayawa suna da lawurba, Warjawa suna da kyaro, Jarawan dutse na wajen Toro suna da asharuwa da sarewarta. Jirgin ƙasa ya iso a 1961. A 1976 garin ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga ko'ina. Masana'antar harhaɗa motoci ta Steyr da kwalejin fasaha ta tarayya suka zo a 1979, jami'a ta biyo baya a 1980. Waɗannan baƙi ba da akwatunan tufafi kaɗai suka zo ba, sun zo da faya-fayansu da kaset-kaset ɗinsu: hailaif, juju, rege, disko, kiɗan Kwango mai sa ƙugu ya manta da mai shi. Gidajen silima kuma suka cika kunnuwan yara da waƙoƙin Indiya. A wancan zamani ne Bala Miller ya nuna ana iya rera Hausa tsantsa a kan jita da ƙaho, ga kuma Ɗanmaraya da kuntiginsa a Jos, tafiyar kimanin kilomita 130 kacal. Kunnen mutumin Bauci ya saba da gauraye tun da daɗewa, kamar yadda duk wanda ya tashi yana sauraron Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna ya saba jin Shata na bin bayan waƙar Indiya ba tare da ya ga wani abin mamaki ba.

Daga baya dare ya tsuke. An fara aiki da Shari'a a jihar a 2001, gidajen shaye-shaye da dama suka rufe, waɗansu suka koma gefen gari ko cikin barikin soja. Ranar 29 ga Mayu 2011 bama-bamai suka tashi a kasuwar barikin Shadawanka, rayuka suka salwanta, mutane suka shiga ɗari-ɗari da taron dare. Ba ina kukan rufe mashaya ba ne, wanda ya san ɓarnar da ta yi wa gidaje ba zai yi wannan kuka ba. Abin da nake nunawa shi ne, rawa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ta koma zaurukan biki, wajen kamu da wuni da dina, ta koma shagulgulan ɗalibai da gidajen gala. A sabon mazaunin nata kuwa ta tarar da sabon maigida, watau dije, yaro ɗaya da kwamfuta da lasifika biyu, wanda ke yin aikin da a da sai an ɗauko mutum takwas ko goma.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan sana'a ke tafiya, domin a nan gizo ke saƙa. Kowane kiɗan zamani yana da adadin bugun da yake yi a minti guda. Haus yakan kama daga 120 zuwa 130, amapiyano, wanda ya fito daga Afirka ta Kudu ya mamaye Nijeriya tun wajen 2020, yakan tsaya wajen 112. Gwanintar dije ita ce ya daidaita bugun waƙar da ke fita da na wadda ke shigowa, yadda ƙafar mai rawa ba za ta ji an yi sauyi ba. Wannan yana zuwa da sauƙi ne saboda na'ura ce ta yi kiɗan, ita kuwa na'ura ba ta gajiya, ba ta zumuɗi, bugunta na farko daidai yake da na ƙarshe.

Kalangu ba haka yake ba. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, muryar gangar na hawa tana sauka kamar yadda maganar Bahaushe ke hawa da sauka, shi ya sa wanda ya san take yakan ji ana kiran sunansa ba tare da an buɗe baki ba. Idon makaɗin yana kan ƙafar mai rawa. In ya ga ta yi nauyi ya jira ta, in ya ga ta kama wuta ya ƙara mata itace. Kiɗan da aka fara a hankali yakan ƙare da gudu, ba kuma wanda ya tsara hakan tun farko. Irin wannan kiɗa ba ya shiga ma'aunin kwamfuta. Saboda haka idan dije ya ga akwai dattawa a wurin, sai ya ciro Shata ko Barmani Choge ya sa na daƙiƙa arba'in, a yi ihu, a ɗaga hannu, kafin waƙar ta zauna ya riga ya yanke ta ya koma inda ya fito. Waƙar da mai ita ya gina ta don ta yi minti goma sha biyar ko ashirin, an mayar da ita gishirin miya.

Wannan ne ya sa ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun saki reshe sun kama ganye. Abin da ake kira gauraye a yau, in aka kasa kunne sosai, kiɗa ɗaya ne ya sa riguna da yawa. Waƙar fim ta Hausa, da afrobit na Ikko, da amapiyano, duk a kan fiyano da kwamfuta ake haɗa su, sau da yawa da sautin ganga iri ɗaya da aka sauko da shi daga intanet. Harshe ne kawai ke canjawa. Ba ina raina mawaƙan ba. Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020 da Warr ta Ado Gwanja a 2022 sun shiga gidajen da ko Hausa ba a ji, kuma duk mai adalci ya san Gwanja ya fahimci abin da ke motsa mata a wajen biki kamar yadda masu amada suka fahimta. Amma a jera waƙoƙi arba'in masu bugu ɗaya, a gutsuro minti ɗaya daga kowacce, a ce an gauraya, wannan haɗin gambiza ne kawai. Mai rawa bai zauna da ko ɗaya ba balle ya san ta.

Abin dariya ma, su Turawan da suka ƙago wannan sana'a akasin haka suka yi da farko. A tsakiyar shekarun 1970 masu disko suka lura cewa ƙaramin faifai mai minti uku ba ya isar mai rawa, sai suka shiga buga waƙa guda a kan babban faifai mai inci 12, suna tsawaita ta zuwa minti bakwai ko goma. Mu kuwa da muka gaji doguwar waƙa, sai ga mu muna datse ta daidai tsawon bidiyon TikTok.

Wa ya yi asara? Na farko dai makaɗi. Abincin makaɗin gargajiya a kari da liƙi yake, shi kuwa liƙi ba ya zuwa da gaggawa. Sai mawaƙi ya hango mutum, maroƙi ya raɗa masa ko ɗan wane ne, ya kamo kakansa, ya kamo garinsu, ya juya ya sake juyawa har tsikar jikin mutumin ta tashi, sa'an nan hannu ke shiga aljihu. Wannan aiki ne na lokaci. Idan aka gayyaci mai kalangu biki aka ba shi minti goma tsakanin shigowar amarya da yanka kek, an kira shi ne ya zama ado, kamar furannin roba da ke kan tebur. Zai koma gida da abin da bai isa ya raba wa 'yan amshinsa ba, gobe kuma ɗaya daga cikinsu ya nemi babur ya shiga acaɓa, wa zai ga laifinsa?

Na biyu, hanyar koyo ta toshe. Babu makarantar da ake koyar da kalangu ko goge a aji. Yaro yakan fara da riƙe kuntukuru a bayan ubangidansa, dare bayan dare, shekara da shekaru, har hannunsa ya faɗa, kunnensa ya san take ɗari. Dogon dare na kiɗa ɗaya shi ne ajinsa. Haka mai rawa: takun da ake yi wa goge dabam, na asharuwa dabam, kuma ba a koyonsu a daƙiƙa arba'in. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Allah ya jiƙansu. Kowa na tambayar ina magadansu, amma ba mai tambayar ina filin da magadan za su yi dare suna gwada hannunsu.

Duk da haka ba zan bi masu cewa a raba dare gida-gida ba, kowa ya tafi wajen nasa. Abin da ya yi wa Balin daidai ba lalle ya yi wa Bauci ba. A can, wanda ya zaɓi tekno ya bar haus ra'ayin kunnensa ya bi. A nan kuwa kiɗa yana tafe da harshe, harshe yana tafe da ƙabila, ƙabila kuma sau da yawa tana tafe da addini. Daren kiɗa ɗaya yana iya rikiɗewa ya zama daren mutane iri ɗaya. Mun ga abin da ya faru a watan Afrilu na 1991, lokacin da rikicin Tafawa Ɓalewa ya bazu har cikin birnin Bauci, mun kuma ga yadda daga baya unguwanni suka yi ta rarrabuwa, kowa na neman inda nasa suka fi yawa. Wuraren da ɗan Bogoro da ɗan Azare da ɗan Inugu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba don ciniki ba sun ragu ƙwarai: filin ƙwallo idan Wikki na wasa, ajin makaranta, sai kuma filin rawa. Yaron da ya taɓa ganin abokinsa na taka rawar garinsu, ya gwada ya kasa, aka yi masa dariya shi ma ya yi, da wuya a zuga shi gobe a ce masa wancan dodo ne. Wannan riba ce da daren kiɗa ɗaya ba ya bayarwa, kuma ba ƙarama ba ce.

Saboda haka shawarata ga masu shirya wasa ita ce su koma ga tsarin ajo. A zaɓi kiɗa uku ko huɗu, kada su wuce haka, a ba kowanne minti arba'in ko sa'a guda cur, a sanar da jama'a tun a takardar gayyata wanda zai fara da wanda zai biyo baya. Aƙalla ɗaya daga ciki ya zama na makaɗa masu rai da kayansu a hannu, a kuma sa su a tsakiyar dare lokacin da wuri ya cika, ba da farko ana jera kujeru ba. Shi ma dije wannan tsari zai fito da darajarsa, domin riƙe fili na sa'a guda da kiɗa iri ɗaya ba tare da mutane sun koma kujerunsu ba ya fi wuya nesa da tsalle daga wannan sananniyar waƙa zuwa waccan. A nan ake gane wanda ya san faya-fayansa da wanda ya sayi filashi a kasuwar Wunti jiya da yamma.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne ɗauko mutum takwas ya fi ɗauko mutum ɗaya tsada. Amma duk wanda ya halarci dina a garin nan ya ga abin da ake kashewa a kan labule da fitilu da kujerar ango da amarya, kayan da za a kwashe kafin gari ya waye. Kaɗan daga cikin wannan ya ishi ƙungiyar makaɗa. Ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda dama kowace shekara suna shirya ranar al'adu, suna iya mayar da abin ya zama na kowane wata maimakon rawar minti biyar a gaban babban baƙo. Hukumar raya al'adu ta jiha da gidan rediyon jiha suna da fili da na'urar ɗaukar murya, abin da ya rage a buɗe ƙofa a ajiye rana.

Za a kuma ce Hisba, tun da hukumomin Hisba a jihohin Arewa sun sha jan kunne a kan kiɗan dije a wajen bukukuwa. Wanda ya duba abin da ake kuka da shi zai ga mafi yawansa a kan cakuɗuwar maza da mata ne, da shaye-shaye, da kai wa tsakar dare ana hana maƙwabta barci, da 'yan sara-suka da ke fakewa da taro su yi ta'asa. Wasan da aka fara bayan la'asar a fili buɗaɗɗe, aka tsaya aka yi magariba da lisha, aka ware wa mata gefensu, aka tashi ƙarfe goma, ya kauce wa mafi yawan waɗannan. Sa'o'i huɗu ne ke nan na wasa, sun ishi mai kalangu, da 'yan asharuwa, da dije, kowa ya samu sa'arsa guda, har a rage wa masu ƙwarya ta huɗun.